Bokan Kangon Unguwar Shanu

Timothy Sama'ila malamin lissafi ne a wata sakandare, ya haura hamsin, ga sanƙo ga tumbi, kuma a Unguwar Kanawa aka yanke masa cibiya. Iyayensa daga Zonkwa suka zo neman aiki, suka zauna har ƙasa ta rufe musu ido. Lokacin rikicin da ya raba garin gida biyu, da danginsa suka kwashe komatsai suka haye gada zuwa kudancin kogi, shi bai motsa ba. In an tambaye shi dalili sai ya ce gidan ubansa ne. Matarsa Jummai kuwa takan ce ba wani gidan uba, Salisu ne ya riƙe shi.

Salisu mai walda ne, ƙofofi da tagogi yake ƙerawa a bakin titi. Tun suna 'yan firamare suke tare, kuma abin da ya ɗaure su wani gidan kallo ne na langa-langa da ke bayan kasuwa, mai dogayen bencina da talabijin guda da janareta mai tari. A nan suka sha finafinan takobi da tsafi. Ƙartin maza ne masu ƙirji kamar ƙyauren zaure, sun ɗaura warki, sun shafe jiki da mai, suna yaƙi da bokaye. Takubban na gwangwani ne, in an kai sara sai su lanƙwashe. Macijin na roba ne, har zaren da ake jan sa da shi kana gani. Akwai wani boka da gemunsa ya zame gefe ana tsakiyar faɗa, bai kuma fasa zare ido ba. Timothy da Salisu ba sa jin Turancin, don haka su suke ƙirƙiro abin da ake faɗa, su raɗa wa kowa suna. Duk da haka, in dodo ya leƙo daga kogo, Salisu kan damƙe hannun Timothy har ya bar masa shaidar farce.

Bara hawan jini ya kayar da Salisu a bakin aiki. Ya tashi, amma ƙafar hagu ta ƙi komawa daidai, jan ta yake yi. Ranar da Timothy ya je duba shi, ya tarar da shi kwance yana kallon irin finafinan nan a waya, yana dariya har da hawaye.

"Timo," in ji Salisu, "kafin a ɗauki ɗayanmu, mu yi namu."

"Namu me?"

"Fim mana. Ni ne jarumi, kai ne boka. Dama fuskarka ta dace."

Wasa-wasa magana ta zama gaske. Salisu ya yanko takubba da wuƙa daga ragowar kwanon rufi. Ya samo ƙahonin sa a mahauta, ya haɗa su da waya. Timothy ya saci wani tsohon baƙin labulen Jummai ya mai da shi alkyabba. Suka tsefe igiyar buhu ta zama gemu, suka sayo 'yar tsana a gwanjo, ita ce ɗan sarkin da boka zai sace, suka sa aka dafa musu zoɓo mai kauri ya zama jini. Abokinsu Dauda mai gyaran waya ya yarda zai ɗauki hoton.

Jummai ta dube su suna ɗura kaya a buhu, ta girgiza kai. "Tsofai-tsofai da ku. Baban Joy, in ɗalibanka suka gan ka fa?"

"Ai shi ya sa za mu je inda ba a san mu ba," in ji shi.

Inda ba a san su ba ɗin wani kangon bene ne a gefen Unguwar Shanu, ta wajen layin dogo. An zuba dakalin siminti na hawan sama aka bar shi, ba ƙofa ba taga, ciyawa ta cinye tsakar gidan. Ranar Asabar bayan azahar suka isa. Salisu ya shafe wa Timothy fuska da gawayi, ya zana masa farar ƙasa a kewayen idanu, ya liƙa gemun da gam ɗin gyaran takalmi, ya ɗaure ƙahonin da waya ta ƙarƙashin haɓa ya murɗe da filaya. Shi kuma ya tuɓe riga ya ɗaura buzun akuya a kan gajeren wando. Rabon Timothy da irin dariyar da ya yi ran nan har ya manta. Salisu na jan ƙafa yana kirari, takobinsa na lanƙwashewa, Dauda na cewa a sake domin hannunsa na rawa saboda dariya.

Da aka kira la'asar, Salisu ya zura rigarsa. "Ka zauna da kayan, yanzu za mu dawo. Kar ka taɓa gemun nan, wahalar liƙawa gare shi."

Suka tafi masallaci shi da Dauda, suka bar Timothy shi kaɗai.

Abin da ba wanda ya sani a cikinsu shi ne tun hantsi unguwar ke tsaye. Wani yaro ɗan shekara uku, Isma'il, ya fita ƙofar gida bai dawo ba. An duba maƙwabta, an duba kwata, an yi cigiya a masallatai. Yanzu mata da maza sun bazu suna leƙa duk wani kango da rami.

Timothy ya ga zaman banza ba shi da amfani, gara ya gwada wurin da ya fi ba shi wuya a fim ɗin. Ya kwantar da 'yar tsanar a kan bulo, naɗe cikin zanen goyo. Ya tsoma hannuwansa cikin ƙwaryar zoɓo. Ya ɗaga wuƙar sama da hannu biyu, ya buɗe murya ya saki dariyar bokaye irin wadda ya haddace tun yana yaro.

Sai ya ji ƙara a bayansa.

Wata mata ce tsaye a ramin taga, ta ɗora hannu biyu a ka, bakinta a buɗe.

"Wayyo Allah! Jama'a! Ga shi nan! Zai yanka yaron!"

"Hajiya, tsaya! Wasa ne!" Ya nufo ta, ya manta wuƙar na hannunsa, ja na ɗiga daga yatsunsa. Matar ta juya ta zura da gudu, takalminta ɗaya ya tsaya a ciyawa. Yana jin ihunta na nisa, yana kuma jin wasu muryoyin na amsawa.

Ya jefar da wuƙar ya kama ƙahonin. Wayar ta ƙi. Ya ja har ta shige masa naman haɓa. Ya finciki gemun, fatar ta biyo shi, hawaye suka zubo. Ya nemi ruwan da zai wanke fuska, babu sai zoɓo. Ya laluba aljihu ya ciro waya ya kira Salisu. Tana ta ringi ba a ɗauka. Ya kira Dauda, haka nan. Suna cikin sahu.

Daga nan ya fara jin sautin. Da fari kamar kasuwa ce daga nesa, sannan ya rinƙa kumbura, takun ƙafafu da ƙarar ƙarfe da muryoyin da suka narke suka zama murya guda. Ya san wannan sauti. Ya taɓa jin sa sau ɗaya lokacin rikicin nan, yana kwance rub da ciki a cikin silin ɗin gidan su Salisu, mahaifiyar Salisu na tsaye a ƙofa tana rantsuwa ba kowa a ciki. Ya leƙa ta baya, fili ne fetal har layin dogo, ba inda mai tumbi da ƙaho zai ɓuya. Sai ya tuna da 'yar tsanar. Ita ce shaidarsa. Ya sure ta ya rungume, ya haye matakalar zuwa dakalin sama.

Da ya leƙo ƙasa, sai ya gan su. Sun cika tsakar kangon, wasu na ta kwararowa ta kan katanga. Gora, adda, katako, duwatsu. Su ma suka ɗaga kai suka gan shi: baƙin abu mai ƙaho, da fararen idanu, da jajayen hannuwa, rungume da goyo.

"Kar wanda ya yi jifa!" wani ya daka tsawa. "Yaron na hannunsa!"

Mai maganar wani dogon saurayi ne da rigar 'yan sintiri, Timothy ya ji ana kiran sa Sagir. Ya matso gindin benen, ya nuna shi da gora.

"Kai! Ajiye yaron nan!"

"Ba yaro ba ne!" Muryar Timothy ta fito siririya kamar ba tasa ba. "'Yar tsana ce! Fim muke yi!"

Hayaniya ta haɗiye maganar. Ya so ya warware zanen ya nuna musu, sai hannunsa ya tsaya. Ya gane cewa wannan ƙunshin ne kaɗai ya hana duwatsun tashi. Ta gefen ido ya ga wani na gangaro da tayar mota, wani na biye da shi da gorar roba mai ruwan da ba ruwa ba. Iska ta kawo masa warin fetur. Fitsari mai ɗumi ya bi cinyarsa, bai ma ji kunya ba.

"Ya Yesu," ya ce a ransa. "Ya Yesu, ka dube ni."

"Kai wane ne?" in ji Sagir.

"Ɗan Unguwar Kanawa ne ni. Malamin makaranta ne. Abokaina sun tafi salla, yanzu za su..."

"Sunanka na tambaya!"

Sama'ila ma sunansa ne, na ubansa, yana iya faɗar shi kaɗai bai yi ƙarya ba. Ya buɗe baki da niyyar haka. Amma ya tuna katin aikinsa na cikin aljihu, in suka laluba suka ga ya ɓoye rabi, ba abin da zai sake faɗa su yarda.

"Timothy," ya ce. "Timothy Sama'ila."

Guna-guni ya ratsa taron.

"Kun ji ko? Kun ji sunan?" wani ya ce daga baya.

"Ina ruwanmu da sunansa!" wani dattijo ya amsa. "Yaron muke so!"

Sai taron ya dare biyu. Wata mata ce ta ratso, ba takalmi ba mayafi, ɗankwalinta ya zame. "Harira, tsaya! Harira, kar ki hau!" Ba ta ji ba. Ta hau matakalar tana dafa bango, ta tsaya nesa kaɗan da shi. Ta miƙo hannu biyu.

"Don Allah," ta ce. "Don Allah ba ni shi. Ko ka kashe shi, ba ni shi."

"Baiwar Allah, ba ɗanki ba ne. Na rantse miki."

"Ba ni shi."

Ya miƙa mata. Tana karɓa ta ji rashin nauyin, fuskarta ta canja. Ta warware zanen. 'Yar tsana ce mai gashi ruwan ɗorawa, ido ɗaya ya fita. Harira ta daɗe tana kallon ta. Sannan ta sulale ta zauna a kan simintin, ta saki wani irin kuka da Timothy bai taɓa jin ɗan Adam ya yi ba.

"To ina Isma'il? Ina ka kai mini shi?"

'Yar tsanar ta suɓuce daga hannunta ta faɗa ƙasa cikin mutane.

"Ya ɓoye shi!"

"Jinin wa ke hannunsa?"

Dutsen farko ya daki ƙaho, kansa ya yi ƙara kamar an buga ƙararrawa. Na biyu ya same shi a goshi. Bai san lokacin da suka hayo ba, sai dai ya ji hannuwa ta ko'ina, ana jan sa a kan matakala, bayansa na bugun kowane tudu. Suka yar da shi cikin ciyawa. Wani ya taka masa hannu. Ya ga sama ta yi duhu, aka zura masa tayar ta kan ƙahonin har ta sauka a kafaɗunsa. Sanyin fetur ya bi wuyansa ya gangara ƙirji.

"Wa ke da ashana?"

Ya rufe ido. Abin da ya zo masa Jummai ce, da yadda za a je a gaya mata, da irin kayan da za ta tarar a jikinsa.

Wani nauyi ya faɗo a kansa, mai warin gumi da buzun akuya.

"Ku haɗa da ni!" Muryar Salisu ce, a shaƙe. Ya kwanta a kansa ya rungume shi da tayar gaba ɗaya. "Wallahi sai dai ku ƙona mu tare! Ɗan'uwana ne! Ni na shafa masa gawayin nan da hannuna!"

"Ku ja da baya! Ku ji tsoron Allah!" Wannan limamin masallacin ne, ya biyo su da carbi a hannu, yana haki. Mutanen gaba suka ɗan sassauta, na baya na ta turowa.

Salisu ya ɗago, ya hangi ƙwaryar. "Ku miƙo mini wancan! Jini kuka ce ko? Miƙo!" Aka tura masa ita da ƙafa. Ya kafa kai ya sha, ja na zuba ta gefen bakinsa, ya miƙa wa Sagir. "Sha ka ji. Zoɓo ne, har da citta."

Sagir bai sha ba, amma ya sansana. Salisu ya jawo takobi guda, ya naɗe shi a hannu kamar tabarma ya jefar. Dauda kuwa ya kunna wayarsa ya tura ta gaban liman. Kawuna suka taru. Ga Salisu da buzu, tumbi waje, yana jan ƙafa yana kirari. Ga boka ya ɗaga hannu zai yi tsafi, alkyabbar ta harɗe shi ya faɗi zaune, yana cewa, "Dauda, yanke wannan, kar Jummai ta gani." Wani a cikin masu kallon ya yi 'yar dariya, ya yi maza ya haɗiye ta.

"A duba kangon," in ji Sagir, muryarsa ta sauka.

Aka duba ɗaki-ɗaki, aka tona ciyawa. Ba komai sai buhu da takalman Timothy.

Liman ya juya ya fuskanci taron. "Yaro na can ba a san inda yake ba, rana na faɗuwa, kun tsaya za ku ɗauki alhakin rai. Ku watse ku nemo shi!"

Ba duka suka watse ba. Wasu sun tsaya suna kallo, duwatsun na hannunsu. Liman da kansa ya cire tayar, ya sa Dauda ya warware wayar ƙahonin. Ya riƙe hannun Timothy, Salisu ya riƙe ɗayan, suka ratsa tsakiyar mutane a hankali. Timothy bai ɗaga kai ba. Ƙafafu kawai yake gani. Har suka kai bakin titi yana jiran ƙyastawar ashana a bayansa. Mai Keke Napep na farko da ya gan su ya ƙara wuta. Na biyu sai da liman ya tare shi da hannu.

A gida Jummai ba ta yi ihu ba. Ta zaunar da shi a bayan ɗaki, ta kawo ruwan ɗumi da sabulu da kananzir, ta rinƙa jiƙa gemun tana ɓamɓarewa kaɗan-kaɗan. Da ta kai wuyansa ta ji warin fetur, hannunta ya tsaya. Ta koma gefe ta yi amai. Sannan ta dawo ta ci gaba.

"Gobe bayan coci zan je wajen Yaya Deborah a Sabon Tasha," ta ce. "Za ta nemo mana gida."

Salisu na zaune a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya kasa shiga ya kasa tafiya.

Washegari aka ga Isma'il. Ashe bayan wata motar kaya ya hau yana wasa, barci ya ɗauke shi, bai farka ba sai a Kawo. Wata mai abinci ce ta tsince shi yana kuka, ta kwana da shi, da safe ta kai shi wurin 'yan sanda. Dauda ne ya kawo labarin. Timothy ya ce an gode Allah, amma jikinsa bai karɓi labarin ba. Ya koma aiki da filasta a goshi. In yara suka fashe da ihu a filin makaranta, alli kan faɗi daga hannunsa. Ya daina tsayawa a gidan mai. In ya hangi mutane sun taru a bakin hanya, ko 'yan kallon ƙwallo ne, sai ya canja titi.

Bayan ciwon ya warke, liman ya aiko cewa ya kamata su zo su yi wa iyayen yaron barka, zukata su huce. Timothy ya ce ba za shi ba. Salisu bai matsa masa ba, ya dai zo da yamma ya zauna, washegari ma ya zo ya zauna. A ƙarshe Timothy ya sa hularsa suka tafi.

Suka shiga unguwar. Ba wanda ya dube su sau biyu. Mutane na ta harkarsu, mai rake na fere rake, mata na ɗibar ruwa. Wasu har sallama suka yi musu. Mijin Harira ya shimfiɗa musu tabarma a zaure, ya yi ta ba da haƙuri, ya ce shi yana can wajen Abakwa yana nema lokacin da abin ya faru. Sannan ya leƙa ciki ya kira ta.

Harira ta fito da kofin ruwa, yaron na riƙe da gefen zanenta yana tsotsar yatsa. Ta durƙusa ta gaishe su. Ta dubi Salisu, ta dubi Timothy, ta sake duban Salisu.

"Wanne ne a cikinku?" ta tambaya a hankali.

"Ni ne," in ji Timothy.

Ta daɗe tana kallon sa, sanƙon da tabon goshin da tabaran da ke rataye a aljihun rigarsa. Ta jawo yaron jikinta.

"Malam, ka yafe mana," ta ce. "Amma har yanzu in na rufe ido ina ganin ka a saman benen nan."

Timothy ya ɗauki kofin. Ya riƙe shi da hannu biyu.

"Ni ma ina ganin ku," ya ce.